Haƙurin da Ban Bayar Ba

A shekarun da nake tuƙa babbar motar wani kamfanin jima a Challawa, bakina ne ya kusa raba ni da aiki, ba hannuna ba. Mu haka aka tarbiyyantar da mu: in ka yi karo da babba, ko shi ya taka ka, kai za ka durƙusa ka ba da haƙuri. Sau biyu ana gogar motata, sau biyun nan ina saukowa in ce, "Laifina ne, a yafe ni," don kawai a rabu lafiya. Ashe ɗan sanda rubutawa yake yi.

Manajan sufuri, wani mutumin Filato mai sanyin magana, ya kira ni ofis. Ya ce masu inshora sun ƙara wa kamfani kuɗi saboda ni, don a wurinsu ni direba ne mai yawan haɗari.

"Ranka ya daɗe, ai girmamawa ce kawai," na ce.

"Ni na sani. Su abin da ka faɗa suka sani. In aka ƙara, ba zan iya tare maka ba, kuma daga nan har masana'antun Bompai babu mai ɗaukarka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga mata da yara a ɗakin haya a Na'ibawa, ni kuma ban da sitiyari ban iya komai ba.

Ba a jima ba, na ɗauko fatu, ina tsaye cik a kan hannuna wajen Sharada, sai wata ƙaramar mota ta fito daga kwana ta daki gefena. Fitilarta ta tarwatse. Mai motar ya fito yana karkaɗe riga, sai na ga dattijon layinmu ne, wanda nake bin sahu ɗaya da shi a masallaci.

Nan da nan mutane suka taru. "Kai direba, ba sa'an ubanka ba ne? Ba shi haƙuri mana kowa ya kama gabansa."

Na durƙusa har ƙasa. "Baba, sannunku. Ba ku ji ciwo ba ko?"

Ya ce bai ji ba. Ya tsaya yana kallona, yana jiran sauran. Wallahi kalmar ta zo har bakina, na haɗiye ta. Na ce kada wanda ya motsa motocin sai 'yan sanda sun zo sun auna. Aka yi ta zagina, har da mai cewa albashi ya sa na manta gidan da na fito. Na toshe kunnena, na zauna a kan bambar motata cikin warin fatu.

Da aka auna, aka ce laifinsa ne. Kafin ya tafi ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Na san ni na buge ka. Kalma ɗaya na nema a gaban mutane."

Aikina ya tsira, na ci gaba da tuƙi shekaru masu yawa. Kullum da safe ina durƙusawa in gaishe shi, ya amsa da "lafiya" bai ɗago kai ba, har Allah ya karɓi ransa. Abin ya ci ni, har yau yana cina. Amma da za a mayar da ni bakin titin nan, ba zan faɗa ba.