Gangar Noma a Cikin Akwati

Shekarun baya, ina sabon mushen lakol, wato malamin makaranta, a Gidan Rumji, na sayo kayan sauti daga Maradi: ƙananan sifiku biyu da wani baƙin akwati mai nauyi da ake kira wufa, wanda ke fitar da dum-dum ɗin nan da mutum ke ji a ƙirji. Ba wata buƙata ta sa na saya ba, ƙuruciya ce kawai da son a sani.

A lokacin kunnen mahaifina ya riga ya mutu. Mutumin da in yana majalisa ba a jin muryar kowa, ya koma zaman kaɗaici a gindin dogon yaro. In ka yi masa magana sai ya dubi bakinka, ya yi murmushi, ya ce to. Har suna da ɗaurin aure ya daina zuwa, don kunyar a tambaye shi gabas ya amsa yamma. Mun yi na likita mun yi na gida, ba a dace ba. Wannan shiru nasa ya fi komai ci mini rai, ga shi a gida amma kamar ya yi tafiya.

Ranar da na jona kayan, na tura wufar can lungun ɗaki, na murɗe maɓallanta har ƙarshe. Rufin kwano ya ɗauki rawa, jeren kwanukan matata suka shiga amshi, ƙasa ta fara zubowa daga bango. Kiɗa kuwa babu, sai gurnani. Matata ta ce in dai abin da na kwaso ke nan, gara na mayar a ba ni akuya.

Na je wurin abokina mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce lungu kumbura sauti yake yi. Ya koya mini dabara: in ɗora wufar a kan bencin da nake zama, in kunna, sannan in bi gefen bango da rarrafe ina saurare. Inda na ji bugun ya fito tas, nan ne mazauninta. Ya kuma zuba mini kiɗan gangar noma a waya, wai ba abin da ke tona asirin wufa kamar ganga.

Haka na yi da hantsi, ƙato da ni, mai koyar da 'ya'yan mutane, ina rarrafe kunne a ƙasa. Sai ga mahaifiyata a bakin ƙofa.

"Mushe, lahiya? Mi ya ɓace?"

"Sauti nike nema, Inna."

Ta yi salati, ta juya. Ashe Baba ta je jawowa, ya zo ya ga abin da boko ya yi wa ɗansa.

Baba ya shigo, ya dube ni, ya girgiza kai. Da yake gwiwa ba ta barinsa tsayuwa, sai ya zauna a bencin, dab da akwatin. Ina shirin tashi na hangi babban yatsan ƙafarsa yana motsi. Ya shafa katakon bencin, sannan ya ɗora tafinsa a kan wufar ya rufe ido.

"Wagga gangar noma ta," in ji shi. "Ƙara mata."

Na matsa bayan akwatin ina murɗa maɓalli a hankali, ina kallon fuskarsa. In bugun ya cakuɗe sai ya yamutsa fuska, in na rage har kowane bugu ya tsaya da ƙafarsa sai ya gyaɗa kai. Da tafin hannunsa muka daidaita ta, kwanukan matata ma suka yi shiru.

Daga nan baki ya buɗe. Ya ba mu labarin wata gayya a Cadakori, yana saurayi, makaɗi na bin sa da kirari har ya riga kowa kai ƙarshen kunyarsa ta noma, wai a ranar Inna ta fara satar kallonsa. Inna ta ce ƙarya yake, fura kawai ta kai. Bai ji ta ba, amma ya ga bakinta, ya fashe da dariya. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta. Ni dai na juya baya ina gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Tun ranar kullum bayan la'asar yana bencin nan, tsofaffin abokansa suka fara leƙowa, ɗakina ya zama majalisa. Kunne bai dawo ba har Allah ya karɓi abinsa, amma Baba ya dawo mana, kuma ba ni da bakin gode wa Allah da abokin nan nawa.

Af, wurin da ya dace na same shi tun ranar, kusa da ƙofa ne. Duk zuwan abokina sai ya ce in sauke wufar daga benci, sauti na lalacewa. Gaskiyarsa ne. Amma a samanta akwai inda fenti ya koɗe, daidai faɗin tafin hannu, kuma in na kunna nan nake ɗora nawa.