Makonni Bakwai Ina Zargin Na'ura

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a makarantar koyon fasaha, malamina ya ba ni aron wata ƙaramar na'ura da ake ɗaura wa fedar keke, tana auna ƙarfin da mutum ke takawa da shi. Aikina na kammala karatu shi ne in gwada ko gaskiya take faɗi.

Gwajin yana buƙatar mutumin da ƙarfinsa ba ya canzawa. Ban yi dogon tunani ba na zaɓi mahaifina. Manomin albasa ne a Wurno, kuma duk unguwarmu an san babu mai tuƙa keke kamarsa.

Kowace Asabar da hantsi muna hawa hanyar da ke bin gefen magudanar ruwan noman rani. Keke ɗaya, hanya ɗaya, iskar taya ma sai na auna. Ya tuƙa, ni kuma in rubuta.

A mako na uku lambar ta fara sauka.

"Ɗan boko, mi ƙarfenka yac ce yau?"

"Ya ce ka rage, Baba."

Ya yi dariya yana riƙe da kan keken. "Ƙarya shikai. Ni da nika kai buhun albasa Goronyo tun ba a yi dam ba? Gyara abinka."

Na kuwa duƙufa gyara. Na canza batir, na wanke sarƙa, har zafin rana sai da na ɗora wa laifi. Na rataya wa fedar dutsen awo wanda na san nauyinsa, na'urar ta faɗi daidai. Duk da haka lambar Baba ta ci gaba da sauka, ni kuma na rubuta da kyakkyawan rubutuna cewa na'urar ba abar dogaro ba ce.

Malamina ya daɗe yana duba takardun, sannan ya cire tabarau.

"Na'urarka lafiya lau take. Wa ke tuƙa maka keken?"

A ranar na koma gida. Mahaifiyata ta ce Baba ya jima yana zama a zaure ya huta kafin ya shigo, don kada mu ji numfashinsa. Da ƙyar ya yarda muka kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ya ce zuciya ce, kuma an makara. Ya tambaya, "Tun yaushe ya fara gajiya?"

Ni kaɗai na san amsar, har da ranar da abin ya fara.

Bai ga cirar albasar shekarar ba. Allah Ya jiƙansa.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma har yau nakan tuna cewa na bincika komai a jikin keken nan, ƙusa bayan ƙusa, ban taɓa ɗaga kai na dubi yadda ƙirjin mahaifina ke hawa da sauka ba. Kunyarsa nake ji, kuma ban so lambar ta zama gaskiya ba.