Mutumin da Ya Ƙi Yi wa Mazari Shaidar Zur

Kafin Ngatiran ya zama mai duba hotuna, mai kamun mazari ne. A ƙauyensu da ke gindin dutse a tsakiyar tsibirin Jawa, duk yaron da ya ƙi daina fitsarin kwance wurinsa ake kai shi. Sai ya gangara maɓuɓɓuga, ya kamo ƙwaron ta fikafikai, ya ɗora a cibiyar yaron ya cije shi, sannan ya sake shi, wai cizon ne ke raba yaro da fitsarin kwance. Rabin manyan garin da ke taƙama a yau sun taɓa kwarara ihu a hannunsa, har da dagaci Wagiman.

Shekara hamsin yana wannan kamu, har idonsa ya goge. Mazari biyu za su zo jajaye wur, shi kuwa ya ce ba danginsu ɗaya ba, a dubi jijiyar fiffike da ƙarshen jela. Da wayoyi suka yawaita, ɗaliban jami'a suka riƙa turo masa hotunan mazari ta wayoyin maƙwabta. Bai san sunayen littafi ba, nasa sunayen yake faɗi, malamansu su duba su tarar bai kuskure ba. Faɗansa ɗaya ne kullum: "Hoton baya ba hoto ba ne. Ku ɗauko mini gefe da jela."

Ana nan wani kamfani ya samu izinin haƙar yashi a saman maɓuɓɓugar, wadda ita ce ruwan shan gari. Malaman jami'a suka ce akwai wani baƙin mazari mai shuɗi a ƙarshen jela, wanda irinsa ya kusa ƙarewa. In an tabbatar yana wurin, za a iya tsayar da haƙar. Ngatiran ya san shi, amma rabonsa da ganinsa shekara goma sha ɗaya.

Wata safiya dagaci ya shigo da waya a hannu, yana haki.

"Baba, ga shi an samu! Ka ce shi ne, in aika wa malaman jami'a."

Ngatiran ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Wagiman, wannan na fadamar shinkafa ne. Rana ce ta haska masa jela."

"Haba Baba, baƙi ne fa!"

"Tukunyar Sumirah ma baƙa ce, ka aika musu hotonta."

Sumirah, matarsa, ta leƙo daga madafa. "Malam, idonka ya fara hazo, kowa ya sani. In ka yi kuskure wa zai zarge ka?"

"Ai ban yi kuskuren ba."

Dagaci ya ce, "Da hannun nan ka riƙe ni ina yaro. Yau ni nake roƙo."

"Na riƙe ka, kana wutsil-wutsil kamar tarwaɗa. Ka saurara. In na ce shi ne, suka zo ba su gan shi ba, ranar da na gaskiyar ya fito wa zai yarda da ni?"

Sati uku yana sammako zuwa bakin ruwan da aron waya, gwiwoyinsa na ƙara. Na gaskiyar bai fito ba. Motocin kamfanin suka iso, kafin damina ta raba ruwan ya koma kalar shayi da madara.

Yanzu mata sai sun yi tafiyar rabin sa'a zuwa rijiyar ƙauyen da ke maƙwabtaka da su. Wasu sun daina gaishe da Ngatiran, kuma bai ga laifinsu ba. Sumirah takan yi gaba da jarka ɗaya, shi yana biye da biyu.