Gefena da Gefen Hajiya

Bari in faɗi wautata da bakina kafin 'yan unguwa su riga ni, don su idan suka tashi faɗa sai sun ƙara gishiri. Ni ne mutumin da idonsa ya lalace, ya tafi ya canja wa mota gilashi. Har yau in na wuce teburin mai shayi sai wani ya ɗaga murya, "Alhaji, yau gari ya washe ko a kira mai gilashi?"

Motar tsohuwar jif ce mai ƙirar akwati, koriya a zamaninta. Ta maigidana ce, dillalin shanu a karar Oko-Oba, babbar mahautar nan ta Ikko, Allah ya jiƙansa. Shi ya raba ni da sandar kora shanu ya ɗora ni kan sitiyari, da ya lura aji uku kawai na yi a makaranta amma ina karanta fuskar ɗan sanda tun daga nesa. Da ita muke shiga dazukan Yarbawa taryen garke, inda kwalta ta ƙare, taɓo ya kai gwiwa. Da zai koma gida ya bar mini ita. Ya ce, "Kun dace, ku biyun ba ku tashi sai an tura."

Gilashinta na gaba biyu ne, shafaffu kamar allo, da ƙarfe a tsakani. Ɗaya nawa, ɗaya na Hajiya matata. Nata yana da tsaga daga kusurwa har kusan tsakiya, aikin wani bijimi. Lokacin tana da cikin 'yarmu ta fari, zan kai ta awo, sai Shaiɗan ya ce in ratsa ta cikin kara don abokaina su ga ni ma na yi mata na yi mota. Na danna wa bijimi ham, shi kuma ya juyo ya amsa da ƙaho. Hajiya ba ta yi ihu ba, kallona kawai ta yi, irin kallon da ya fi ƙahon zafi. Wani mahauci ya ce in goga tafarnuwa a bakin tsagar, ba za ta ƙara tafiya ba. Na goga. Ko tafarnuwar ce ko ikon Allah, tsagar ta tsaya inda take fiye da shekara talatin. Yarinyar da ke cikin nan ta tashi tana nuna wa ƙawayenta ita, wai yayarta ce.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan ɗauki Hajiya mu je Oko-Oba. Ita ta zaɓi nama, ni in zauna da sauran tsofaffin kara muna ƙarya. Tun da na bar aiki, wannan fitar ce ta rage mini. Da makulli a aljihu ni direba ne. In babu shi, tsoho ne a kan benci.

Sai na fara ganin kamar an shafa wa duniya koko. Rannan na yi wa turken lantarki sallama. Hajiya kuma ta koma mai surutu a mota: "Rami. Okada ta hagu. Tsaya. To, shiga." Ina ce mata, "Ke, tun ba ki iya ɗaura zane ba nake tuƙi." Ranar da na kusa kwashe wani mai baro ɗauke da cinyar saniya, 'yata ta zo gida. Ma'aikaciyar jinya ce yanzu. Ta buɗe mini ido da yatsa kamar mai duba akuyar layya.

"Baba, yanar ido ce. Ka ba ni makullin nan, mu je a duba ka."

"Gilashin ne ya tsufa. Rana ta cinye shi."

"Baba."

"A canja shi. In ban gani ba, ga makulli."

Ta ce ta yarda, har da murmushi. Ya kamata murmushin nan ya ba ni tsoro.

Na yi kwana uku ina yawon neman gilashi. A Oshodi wani ɗan Ibo ya tambaye ni ko motar da Turawa suka manta ce. Ƙarshe na koma inda ya kamata in fara, wurin wani tsohon Bayarabe mai yankan gilashi a bayan layin dogo. Oga nake ce masa, shi kuma Alaji. Shekarunmu arba'in muna zagin juna, Hausarsa ta fi Yarbancina.

Ya zagaya motar, ya tofa wa gefena yawu ya goge da hannun riga, ya leƙa.

"Alaji, wannan lafiya lau ne. Ga mai ciwo can."

"Wancan na Hajiya ne. Ka taɓa shi ka kwana a Oko-Oba rataye."

"To ka bar fasasshe, a cire mai lafiya?"

"Aikinka yanka ne ko wa'azi?"

Ya girgiza kai ya ɗauko kayan aiki. Irin wannan gilashin ba a samunsa a kanti, yankawa ake yi. Ya zare tsohuwar robar, muka sauko da gilashin ya kwantar a kan kwali, ya zagaye shi da fensir. Sannan ya ɗora kwalin kan wani babban gilashi na tsohuwar bas, mai leda a tsakiya. Ya ja layi a sama, ya juya ya ja a ƙasa, ya ɗan ƙwanƙwasa. Sai ya tsiyaya sifirit a kan layin ya ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta bi layin da gudu, ledar ta yi laushi, gefen ya rabu salin-alin. Wutar nan ma ban gan ta sosai ba, zafinta na ji. Amma na ce, "Kai, Oga, ka iya sihiri."

Wajen sawa ya cusa igiya cikin bakin sabuwar roba, ya shafe da sabulu. Ya ce in tsaya a waje in danna da tafin hannu, ba da yatsu ba. Shi yana ciki yana jan igiyar a hankali, robar tana hawa kan ƙarfe tana kuka kamar ɓera. Da igiyar ta fita gilashi ya zauna daram.

Na shiga na zauna. Kokon nan yana nan, ko cokali ɗaya bai ragu ba.

"Yaya, Alaji?"

"Tas! Har Ikeja nake hange."

Ya tattara kayan aikinsa. Ya naɗe mini tsohon gilashin a buhu, ya ce in ajiye, wata rana zan neme shi. Na dawo gida ina bin bayan wata danfo, bas ɗin haya, don rawaya ce kaɗai launin da bai guje ni ba. In ta tsaya ɗaukar fasinja, ni ma in tsaya.

Ranar Juma'a Hajiya ta shigo da kwandonta ta zauna a gefenta. Ta ɗora hannuwa kan cinya, ta rufe baki. Na tayar da mota, muka gangara lungu. Na faɗa ramin farko, shiru. Na faɗa na biyu, kwando ya yi tsalle, shiru. Muka kai bakin babban titi na taka birki. Ina jin motoci suna wucewa, ina ganin inuwoyi. Na jira. Na baya suka fara ham, wani yana zagina da Yarbanci. Sai na gane abin da nake jira: a ce mini "to, shiga."

Na ja gefe na kashe mota. Na zare makullin, na ɗan juya shi a hannu, na sa mata cikin kwando.

Daga baya an yi mini aikin, ido ɗaya ya dawo, makulli dai bai dawo ba. Jif tana ƙofar gida, ina wanke ta duk Juma'a, gefena da gefenta. Amma ranar, a bakin titin nan, Hajiya ta daɗe tana kallon gabanta ta cikin tsagar bijimi kafin ta yi magana.

"Malam, shekara biyu ke nan ni ke tuƙa motar nan. Kai sitiyari kawai kake riƙe mini."