Sun Ja Baƙin Layi a Idona a Hoton da Kabiru Ya Ɗauka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kabiru, kuma a wannan shekarar ce ofishin da ya kafa da guminsa ya ɗauki hotona ya lilliƙa a bangunan cikin gari. Sun ja baƙin layi a kan idona kamar ɓarawon da aka kama, suka rubuta a ƙasa wai mata su guji miƙa jariransu ga irin wannan hannu. Da wannan zan fara, don ban iya kewaye-kewaye ba. Sunana Habu, wanzami ne ni, ɗan wanzami, haifaffen unguwar Soron Ɗinki. Bokona a aji biyu na sakandare ya tsaya. Wanda rubutun nan bai yi wa daɗi ba ya yi haƙuri, ba don daɗi na yi shi ba.

Gidanmu ne wanzaman gidan su Kabiru tun kakanni. Babana ne ya yi masa askin suna, shi ya cire masa belu, kuma rana ɗaya aka yi mana kaciya, a kan tabarma ɗaya muka yi jinya muna zagin juna. Benci ɗaya muka zauna a firamare. Daga nan shi ya miƙe da karatu har ya zama masanin lafiyar al'umma, ni kuma na rataya zabirar babana, jakar fatar nan da muke zuba kayan aiki. Duk da haka bai taɓa kai kansa wurin mai askin inji ba. Kowace Juma'a da hantsi zai zo ƙofar gidanmu, ya cire hula, ya zauna a ƙasa, ya ce, “Sarkin Aska, ga kan ɗan boko, a yi masa a hankali, akwai kaya a ciki.”

Yaran yanzu wasu ba su san belu ba. Ɗan naman nan ne da ke reto a can cikin maƙogwaro. Mun tashi mun tarar ana cewa in ba a cire wa jariri shi ba zai kumbura, ya hana shi kama nono, ya sa shi amai har ya tafi. Haka babana ya gaya mini, haka nasa uban ya gaya masa, kuma ban taɓa jin wanda ya yi musu ba sai ranar sunan 'yar Kabiru ta fari, wadda ake kira Ummi.

Na gama aske mata kai a soro, na jawo ƙaramar askar belu. Sai Kabiru ya dafa hannuna.

“Habu, ka aske mata kai, an gode. Bar mata wuyanta.”

“Kana da hankali kuwa? Kai wa ya cire maka naka?”

“Babanka. Allah ya ji ƙansa. Amma Allah ne ya kiyaye ni ranar, ba askarsa ba.”

Hajiya mahaifiyarsa tana jinmu daga ciki, ta ɗaga murya ta ce in boko ne ya ce a kashe mata jika, to ta yafe bokon. Duk da haka Kabiru bai sakar mini hannu ba. Na tattara kayana na fita, ko kasona na naman suna ban tsaya karɓa ba.

Gaskiya zan faɗa, jira na riƙa yi yarinyar ta kwanta ciwo. Ba fata nake mata ba, wallahi, amma na sakankance. Sai ga ta tana ƙiba, ta yi rarrafe, aka yaye ta, ta fito da wata murya da in ta yi kuka sai maƙwabta sun leƙo. Kabiru bai taɓa zaunar da ni ya yi mini wa'azi ba. Abin da yake yi ya fi wa'azi ciwo. Ranar Juma'a sai ya riƙo hannunta ya zo da ita, ya ce, “Ummi, buɗe baki Baffa Habu ya duba mana, ko belun ya tsiro ya kai ciki?” Ta wangale baki, ni kuma in duba, don ba zan iya hana kaina ba. Yana nan ɗan ƙarami, bai tsare wa kowa komai ba.

A tsakanin nan ne ya buɗe ofishinsa, ɗaki ɗaya a saman wani kantin magani a Dala. Aikinsu shi ne gwamnati da manyan ƙungiyoyi su nemi shawararsu a kan lafiyar jama'a, yadda rigakafi zai isa lungu, yadda za a rage mutuwar mata wurin haihuwa. Abin da aka samu daga nan ba aljihu yake kai shi ba, yana mayar da shi lungunan da mota ba ta shiga. Abin da ke cinsa a rai shi ne, jaririn da aka haifa a unguwannin masu hali da wanda aka haifa a bayan gidanmu gari ɗaya suke, amma ba su da rabo ɗaya na kaiwa yaye. Kuma bai ɗauki wanzamai abokan gaba ba. Yakan ce da ni, “Ku kuke riga likita ganin jariri. Ni idonku nake so, ba askarku ba.” Shi ya koya mini in duba ko idon jariri ya yi ɗorawa, ko cibiya tana ruwa, in ce a tafi asibiti yau, ba gobe ba. Shi ya sa na koma sabuwar reza ga kowane kai. Ya kuma gaya mini abin da ya gani a ɗakin yara na asibiti: jinin da ba ya tsayawa bayan an cire belu, da ciwon nan da ke sandarar da jikin jariri.

Ummi tana makarantar allo ranar da na hau matakalar ofishin nan da askar belun babana a aljihu. Na ajiye masa a tebur, na ce na daina. Ya dube ta, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya jawo kyamara ya ce, “A'a, ɗauke ta tukuna. Ɗaga ta sama, Sarkin Aska, yau sai tarihi.” Na ɗaga, zabira a kafaɗata, ina dariya ni ma.

Wannan hoton ne.

Ban san ko Kabiru ya taɓa gane iyakar abin da ranar nan ta ci mini ba. Baffa Ilu, ƙanin babana, shi ne babba a wanzaman danginmu. Ya tara su ya ce na sayar da sana'ar ubana ga masu farar riga. Daga ranar, in lokacin kaciya ya zo suna tafiya tare gida-gida, ba a aiko mini. In na yi sallama a majalisarsu, a amsa ciki-ciki, hira ta mutu sai na tashi. Gidajen da muka gada tun kakanni suka koma kiran wasu, don tsofaffin mata ba sa yarda da wanzamin da zai aske kai ya bar wuya. Abin da ya rage mini 'yan gidaje ne na malaman makaranta da ma'aikata, waɗanda suke kirana don sun san ba na cirewa. Sai kuma Juma'a, da Kabiru.

Hatsarin mota ne ya ɗauke shi, a hanyar dawowa daga wani ƙauye da suka je aiki. Ni na yi masa askin da aka binne shi da shi. Matata ta riga shi tafiya, 'ya'yana kowa ya kama gabansa. Har yau ranar Juma'a da hantsi nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, in jiƙa sabulu, sannan in tuna. Wani lokaci in aske kaina da kaina don kada ruwan ya tafi a banza.

Ofishin bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi. Sun bar cikin ganuwa, sun koma wani bene mai maigadi da motoci. Wani Dakta Nafi'u ne shugaba yanzu, wanda Kabiru ya ɗauka aiki dab da rasuwarsa. Ba zan yi musu ƙarya ba, suna aiki. Ina ganin ma'aikatansu mata suna shiga gidaje da akwatin rigakafi, kuma an gyara ɗakin haihuwar unguwarmu da shawararsu. Da Kabiru zai leƙo ya ga wannan, zai ji daɗi. Amma ina tambayar kaina, da zai tsaya a bakin benen nan da hularsa a hannu, maigadin zai bar shi ya shiga kuwa? Tun da aka yi sadakar bakwai ba wanda ya tako ƙofata daga cikinsu. Ban yi ƙorafi ba. Na ɗauka mantawa ce iyakar abin da za su yi mini.

A bayan wata adaidaita sahu na fara ganin hoton. Ina tafe a ƙasa, ta tsaya a gabana tana sauke fasinja, sai na ga zabirar babana. Ita na fara ganewa kafin in gane kaina. Ga askar a sama, ga haƙorana a waje, ga baƙin layi a ido. Da aka rufe idon, dariyar nan ta koma ta mugun da ke jin daɗin abin da zai aikata. Kafin mako ya zagayo yana bangon kantin magani, yana ɗakin awon ciki, yana jikin katanga a Ƙofar Ɗan Agundi.

Su a tunaninsu in an rufe ido an ɓoye mutum. Wataƙila a can inda suke zaune haka ne. A cikin gari kuwa, ana gane mutum ta karin hularsa, ta tsagen kumatunsa, ta jakar da ubansa ya rataya shekara da shekaru. Wani malamin makaranta a Dala da ya riga ya gaya mini ranar suna ya aiko cewa in bari kawai, maiɗakinsa ta ga hoton a wurin awo, hankalinta bai kwanta ba. Wasu wanzamai biyu, magidanta, da suka jima suna zuwa wurina a ɓoye suna tambayar yadda na yi na daina, ɗayansu ya tare ni a bakin masallaci ya ce, “Yaya Habu, kai da ka bi su ma ga sakayyarka. Mu da me za a saka mana?” Ba su sake zuwa ba.

Sai Baffa Ilu, wanda ya yi shekaru bai ambaci sunana ba, ya tako da sandarsa har ƙofar gidana. Ya tsufa ƙwarai. Ya tsaya a kaina yana murmushi.

“Ɗan gidan Likita, ashe an yi suna? Har a bayan adaidaita!”

Na gaishe shi, ya ci gaba da maganarsa.

“To, ka gani dai. Su ba su san ka ba, mu muka san ka. Gobe akwai suna a gidan da ubanka ya yi wa aiki. Ina da aska ta biyu. In ka ga dama ka zo, a wuce wurin.”

Ya juya ya tafi. Ba zan ɓoye ba, maganar ta zauna mini. Mutum ya gaji da cin tuwo shi kaɗai. Na tuna majalisar nan, da shayi, da yadda ake tafiya kaciya a jere ana tsokanar juna. Na ce a raina, wanda na yi dominsa yana ƙasa, waɗanda ya bari sun mayar da ni dodon bango. Wa zai zarge ni?

Ina wannan tunanin da la'asar sai ga Ummi. Tana jami'a yanzu, muryar nan tana nan yadda take. Ta ɓamɓaro hoton guda ɗaya daga bango, ta nannaɗe shi a hannu, idonta jajur. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, “Baffa, sa hularka, tashi mu je.” Na dube ta tana magana, belun da na so in cire yana can cikin wuyanta yana aikinsa. In ana neman abin da ya saura na Kabiru, ba benen ba ne. Wannan yarinyar ce, da sauran yaran unguwar nan da na aske wa kai na mayar wa iyayensu ba ɗigon jini a baki.

Maigadi ya so ya tsayar da ni, Ummi ta gaya masa ko 'yar wace ce. A ɗakin jira na ga askar babana a cikin akwatin gilashi, an yi mata rubutun Turanci. Dakta Nafi'u ya fito da fara'a, ya gaisa da Ummi, ya dube ni ya ce da ita, “Baba fa, daga ina?” Ta warware hoton a kan teburinsa. Ya dubi takarda, ya dube ni, fara'ar ta ɗauke.

“Subhanallahi. Baba, a kwamfutar marigayi ma'aikatanmu suka samo shi, cikin hotunan wanzamai. Kuma ai mun rufe idon, ba wanda zai gane.”

Ban zauna a kujerar da ya nuna mini ba. Na ce da shi:

“Dakta, duk Soron Ɗinki sun gane ni, kai kaɗai ne ba ka gane ni ba, ga ni a gabanka. Hoton nan ranar da na daina aka ɗauke shi. Askar da ke hannuna ita ce ka kulle a gilashi can waje, ba ka taɓa tambayar wanda ya kawo ta ba. Mutum ɗaya ya ajiye askarsa saboda ofishin nan, shi kuka zaɓa kuka liƙa a bango, yanzu sauran sun ga abin da ake yi wa wanda ya ajiye. Gobe an gayyace ni cire belu, kuma ba zan je ba. Kada ka ɗauka don ku ne. Kabiru na yi wa alkawari, shi kuwa ba ya nan balle ya warware mini. Ba na son kujerarka, ba na son haƙurinka. Ka tashi da ƙafarka ka shiga cikin gari ka ɓamɓare su da hannunka, mutane suna kallo. Ka fara da na Ƙofar Ɗan Agundi. Ta nan nake bi in je kabarinsa, kuma na gaji da sunkuyar da kai in na zo wucewa.”