Rawanin Kakana da Allura

Jiya allurata ta faɗa cikin rairayi, sai na tuna kakana, mai gyaran injin ban-ruwa a Boɗinga. Kullum hannunsa warin baƙin mai yake yi.

Wata rana ya same ni ina laluben allura a tsakar gida. Ya haɗa wayar lantarki da batirin tocila, ya bi da ita a miƙe bisa rairayin, ko motsi babu. Sai ya nannaɗe ta a jikin ƙusa, zagaye kan zagaye. Allura ta yi tsalle ta manne wa ƙusar.

"Kin gani, amarya?" Haka yake kirana, wasan kaka da jika. "Kowane naɗi ƙarfi shika ƙarawa. Shi yas sa nika naɗa babban rawani, shina jawo mini mutane."

Kakata tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ita wagga waya akwai wuta cikinta, Malam. Kai batirinka ya daɗe da mutuwa."

Ya yi dariya har rawanin ya warware.

Ranar da ya rasu rawanin yana rataye a ɗaki, amma har daga Kajiji mutane suka cika ƙofar gida. Allah Ya jawo shi kusa da rahamarSa.