Gida da Inda Ake Kwana

Har yau ina jin haushin kaina da na gaya wa Baba sunan abin da nake aiki da shi. A ofis janareto muke ce masa, ni kuma na kwaso kalmar na kawo gida ban tauna ba. Baba ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ashe duk karatun nan gyaran janareto aka koya miki? Ai da kin faɗa tun da wuri, ga na maƙwabta can kullum yana tari."

Na yi masa bayani cewa ba na wuta ba ne, manhaja ce a cikin kwamfuta. Idan wani wuri yana son ajiye bayanan mutanensa, akwai dogon rubutu da ake yi wa kwamfutar, muna ce masa kod, shi ke koya mata yadda za ta ajiye bayani a rumbunta, ta nemo shi, ta gyara ko ta share. A da da hannu ake rubuta shi, layi bayan layi. Mu kuwa zane muke yi: akwati ɗaya na mara lafiya, ɗaya na zuwa asibiti, ɗaya na magani, a ja layuka tsakaninsu a nuna wanne ke haɗe da wanne. Sai a danna maɓalli, janareton ya karanta zanen ya zubo kod ɗin gaba ɗaya.

"Shi ya rubuta?"

"Shi ya rubuta."

"To ke me kika yi?"

Na tashi na kwashe kofuna da ƙarfi har Mama ta leƙo daga kicin.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa a unguwarmu ta Kakuri, a Kaduna, yana zuba ido ko farar hula za su tada masaƙu. Baba ya yi shekara kusan talatin a ɗakin zane na ɗaya daga cikinsu. Shi ke zana furanni da ganyayen da ake bugawa a atamfa, har ranar da aka rufe ƙofa aka ce su jira a kira su. Ya naɗe rularsa ta ƙarfe da alƙalumansa a tsumma ya tura ƙasan akwati, bai ƙara taɓa su ba. Tun daga nan ya daina yarda da duk aikin da inji ke ciki. Wani ƙaninsa hedimasta ne a ƙauyenmu, wajen Zonkwa, ya ce zai riƙe mini gurbin koyarwa zuwa bayan Kirsimeti. Baba ya yanke magana: idan zuwa lokacin bai ga abin da zai kira aiki ba, in mun je gida hutu ba zan dawo Kaduna ba. Ni kuwa ina son aikina kamar me, kuma ban taɓa tsallake maganar Baba ba. Ƙorafi dai ina yi, wannan kam kowa ya shaida.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani kemis. Oga mutumin Binuwai ne, mai haƙuri, in dai ba a taɓa masa fankar teburinsa ba. Aikin farko da ya sakar mini ni kaɗai na wani ƙaramin asibitin coci ne a unguwar Kudenda, inda matan ma'aikatan kamfanoni ke kai jarirai rigakafi. Shugabar wurin wata dattijuwar nas ce daga Filato, kowa Mama Sista yake ce mata. Buƙatarta ɗaya ce: kwamfuta ta fitar mata da sunayen matan da suka tsallake ranar allura, unguwa-unguwa, don ta tura a bi su.

Abu mai sauƙi, in ji ni. Na zana akwatin uwa, na zana na jariri, na zana wani na rubuta masa Gida, na ja layi: kowace uwa gida ɗaya. Na danna, kod ya zubo, fom ya fito tsaf. Na yi ta yanga a ofis kwana biyu, har Oga ya ce in rage kafin rufin ya ɗaga.

Bayan sati uku Mama Sista ta aiko a kira ni. Na tarar da ita da takardar da kwamfuta ta buga, ta sauke tabarau kan hanci.

"'Yata, zo ki karanta mini. Idona ne ko kuwa?"

Na karanta. Kagoro. Kafanchan. Pankshin. Gboko. Akwanga. Na juya shafi, haka. Duk matan da ke zaune a kan bencin waje da goyo a baya, waɗanda da ƙafa suka tako daga bayan kamfanoni, babu ko ɗaya da kwamfutata ta ce tana Kudenda.

"Wato tirela zan ɗauka haya in zagaye jihohi huɗu da allura," in ji ta, ko murmushi babu.

Laifin ba na ma'aikaciyar asibitin mai cika kati ba ne. Ta ga an rubuta Gida a fom, ta tambayi kowace mace, "Ina ne gida?" Su kuma suka faɗi gaskiya. Da ni aka tambaya a kan titi, Zonkwa zan ce, ni da aka haifa a Kakuri. Amma da na zauna gaban kwamfuta sai na manta da wannan duka.

Nan ne na yi wautar da ta fi ta farko. Maimakon in koma in ce zanena ne bai yi ba, zanen da na yi ta taƙama da shi, sai na buɗe kod ɗin da janareto ya rubuta na yi masa faci da hannu. Na ce wa mai cika kati ta riƙa saka unguwa a gurbin ƙarin bayani, na lanƙwasa kod ɗin ya riƙa leƙawa can. Ya yi aiki kwana huɗu. A na biyar Oga ya ƙara wani ɗan akwati a zanen, na nauyin jariri, ya danna maɓalli. Janareto ya sake rubuta komai daga zane, yadda aka gina shi ya yi, facina ya tafi. Na sake yi a ɓoye. Aka sake dannawa, ya sake tafiya. Na zagi janareton nan zagin da ba zan maimaita ba, don ina cikin mawaƙan coci.

Mama Sista ta ba mu sati ɗaya, in ba haka ba ta koma katinta na kwali. Oga bai yi faɗa ba, ya dai ce idan aikin ya kuɓuce, bai san me zai ba ni in yi ba. Kirsimeti kuma saura wata guda.

Ranar Asabar da rana na baje takardun a kan tabarma a tsakar gida, zanen a gefe, kod ɗin a gefe, ina jan layi da jan biro ina tsaki. Baba yana kujerarsa yana yi kamar rediyo yake ji.

"Janareton ya ƙi tashi ne?"

"Baba, don Allah ka bar ni."

"A duba mai."

Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba, na haushi ne. Na gaya masa komai, har facin da nake yi yana gogewa. Ya kashe rediyon ya miƙo hannu. Na ba shi kod ɗin, ya ture, ya nuna zanen.

Ya daɗe yana kallonsa, yana bin layukan da farce. Sannan ya ce a masaƙa, duk sabon da aka kawo, idan fure ya fito a karkace a jikin atamfa, sai ka gan shi ya ɗauko buroshi yana gyara yadin. Ya gyara yadi ɗaya, inji ya turo masa ɗari masu irin karkatar. "Injin ba ya ƙarya, abin da aka zana masa yake bugawa. Mu ba ma taɓa yadi. Ɗakin zane ake komawa." Ya ɗaga ido. "Ke yadi kike ta shafa wa fenti."

Na ajiye jan biron.

Ya ɗora yatsa a kan akwatin nan. "Wannan Gida da kika rubuta, wanne ne?"

"Inda mutum yake zaune mana."

"Ina ne gidana?"

"Nan. Kakuri."

Kallon da ya yi mini, ka ce na sayar da gonar kakanmu. "Nan inda nake kwana ne. Shekara talatin ina kwana a nan, ban ce miki gidana ba ne. Ranar da na mutu ina za ku kai ni?"

Mama ta ce daga kicin a daina kiran mutuwa tana tuƙa tuwo.

Ya tashi ya shiga ɗaki. Na ji ƙarar akwati. Ya fito da tsumman nan ya warware, ya juya takardata ta baya, ya ɗora rula. Hannunsa da ke rawa in zai ɗauki kofi bai yi rawa ba. Ya zana akwati biyu, kusurwoyinsu tsaf, ya rubuta Gida a ɗaya, Inda Ake Kwana a ɗayan. Ya ce na farkon layi ɗaya za a ja masa, don ba ya canzawa. Na biyun a bar masa hanya, don mai haya yau yana Kudenda, gobe mai gidan ya ɗaure fuska, shi kuma ya koma unguwar Nasarawa, kuma a riƙa rubuta ranar da ya koma. Wannan na ƙarshen ko Oga bai hango shi ba.

"Layukanki ma duk a karkace suke," ya ƙara, don kada in ɗauka yabo ne ya kawo shi.

Ranar Litinin na gaya wa Oga gaskiya. Ya yi dariya har ya kashe fankarsa don takardu kada su tashi, ya ce shi ma Gboko zai ce. Na gyara zanen yadda Baba ya yi, na danna. Ban taɓa ko layi ɗaya da hannu ba. Matsala ɗaya aka samu: da mai cika kati ta fara tambayar matan aure a ina suke kwana, wata ta tambaye ta ko mijinta ne ya aiko ta. Muka mayar da shi "wace unguwa kike zaune". Kafin sati ya ƙare Mama Sista ta samu takardarta, layi-layi na Kudenda, ta ce in gaida wanda ya koya mini hankali.

Baba bai ce komai a kan maganar koyarwa ba, ni ma tsoro ya hana ni tambaya. Na haɗa kayana duka a jaka biyu muka hau bas zuwa gida, Zonkwa.

Washegarin Kirsimeti ƙaninsa hedimasta ya zo gaisuwa, aka zauna a ƙofar gida, ni ina zuba musu kunu. Ya ce ajin yana jira, yaushe zan fara.

"A ba wani," in ji Baba. "Tana da aiki."

"Aikin janareton?"

"Zane take yi. Irin nawa." Ya kurɓi kunu. "Hannunta bai faɗa ba tukuna, amma zai faɗa."

Na zuba kunun har ya malala a ƙasa, aka ce ina kallon ina.

Da na koma Kakuri ina fitar da kaya, na ji wani abu mai tauri a ƙasan jaka, cikin tsumma. Rular ce. Ban ga lokacin da ya saka ta ba, kuma har ya rasu bai taɓa tada maganar ba. Zonkwa muka kai shi. Rular tana kan teburina a ofis, da ita nake jan layi idan ina zane a takarda kafin in hau kwamfuta.